Bayan an daina maganin tazarar haihuwa: yaushe ciki ke zuwa, yaushe kuma ya kamata a je asibiti?

Daga unguwar Briketeri ta Yawunde zuwa zangon Kwatano, daga Garwa zuwa Injamena, akwai tambaya guda da ke hana mata da yawa shiga ɗakin tazarar haihuwa: idan na daina, zan sake haihuwa? Tambaya ce mai nauyi. A gidajenmu, matar da ta shekara biyu ba ta yi ɓatan wata ba ita ke shan gori wurin dangin miji. Idan kuwa aka ji ta taɓa yin allura ko ta sa ashana a hannu, an gama yanke hukunci ke nan, sai a ce ita ta ƙone mahaifarta da kanta. Wannan magana ta sa an yi wa mata kishiya, ta kuma kashe aure.

Amsar masana lafiya ita ce: ƙwaya, allura, ashanar fata da robar mahaifa ba sa hana haihuwa har abada. Da zarar ƙarfinsu ya fita daga jiki, mace na komawa yadda shekarunta da lafiyarta suka ba ta. Sai dai kowace hanya da tsawon lokacin da take ɗauka kafin ta saki jiki, kuma rashin sanin wannan bambanci ne ke jefa ma'aurata cikin fargaba da kashe kuɗi a banza.

Yadda magungunan ke aiki

Kowane wata, ɗaya daga cikin ma'ajiyar ƙwai biyu da ke gefen mahaifa na sakin ƙwai guda. Ƙwan zai shiga wata siririyar hanya da ke kaiwa mahaifa, a nan ne yake haɗuwa da ƙwayar maniyyi. Sinadaran jiki da ake kira homon ne ke tsara wannan aiki tun daga ƙwaƙwalwa.

Ƙwaya, allura da ashanar fata suna ɗauke da sinadarin da ya yi kama da wanda jikin mace ke samarwa. Aikinsu shi ne su dakatar da sakin ƙwai, su kuma kaurara ruwan bakin mahaifa yadda maniyyi ba zai iya wucewa ba. Robar mahaifa mai jan ƙarfe ba ta da homon ko kaɗan, jan ƙarfen ne ke raunana ƙwayoyin maniyyi kafin su kai ga ƙwai. Babu ɗaya daga cikinsu da ke kashe ƙwayayen da ke ajiye, kuma babu wanda ke taruwa a mahaifa. Jinin al'adar da ke ɗaukewa lokacin allura ma ba wani wuri yake taruwa ba. Shimfiɗar cikin mahaifa ce ba ta yi kauri ba, don haka babu abin da zai zubo.

Kowace hanya da lokacinta

Ƙwayar sha ta kullum, wadda a asibitocin ƙasashe masu amfani da Faransanci ake kira pilule, tana fita daga jiki cikin 'yan kwanaki. Wasu matan na sakin ƙwai cikin mako biyu zuwa huɗu bayan sun daina, wasu kuma sai al'adarsu ta ɗauki wata biyu ko uku kafin ta daidaita.

Ashanar fata iri-iri ce. Implanon sanda ɗaya ce mai aikin shekara 3, Jadelle kuma sanda biyu mai aikin shekara 5. Da an cire, sinadarin na gushewa cikin kwanaki, kuma yawancin mata na komawa sakin ƙwai cikin wata guda.

Robar mahaifa, wato stérilet ko DIU a takardar asibiti, ita ma haka take. Mai jan ƙarfe tun farko ba ta dakatar da sakin ƙwai, saboda haka mace na iya ɗaukar ciki a watan da aka cire ta, ko da ta shekara goma a jikinta.

Allura ce kaɗai ke da jinkiri na gaske. Depo-Provera da Sayana Press, waɗanda ake yi duk wata uku, magani ɗaya ne a cikinsu, kuma yana narkewa a hankali daga inda aka zuba shi. Littafin jagora na Hukumar Lafiya ta Duniya kan tsarin iyali ya nuna cewa matan da suka daina wannan allura, a matsakaicin lissafi, suna samun ciki kimanin wata 10 bayan allurar ƙarshe, wato ƙarin kusan wata 4 a kan masu amfani da sauran hanyoyi. Allurar wata biyu, Noristerat, matsakaicinta wata 6 ne bayan ta ƙarshe. Akwai waɗanda ke samu da wuri, akwai kuma waɗanda ke kai shekara ɗaya da rabi. Yawan shekarun da mace ta yi tana allurar ba ya ƙara wannan jinkiri: wadda ta yi sau uku da wadda ta yi shekara biyar lissafinsu ɗaya ne.

Wannan bayani ya shafe mu kai tsaye, domin allura na cikin hanyoyin da matan yankinmu suka fi amfani da su. Nijar da Burkina Faso na cikin ƙasashen farko da aka fara raba Sayana Press tun 2014. Matar da ke son ciki nan da shekara guda ya kamata ta gaya wa ungozoma tun kafin a yi mata wata allurar, a canja mata zuwa ƙwaya ko kwandam na 'yan watanni.

Hanyar da ba a komawa baya ita ce aikin ɗaure hanyar ƙwai, wanda aka fi sani da juyin mahaifa, da takwaransa na maza. Waɗannan an yi su ne don wanda ya gama haihuwa.

Abin da bincike ya nuna

A 2018, wasu masu bincike biyu 'yan Habasha, Girum da Wasie, sun tattara sakamakon nazari 22 da ya ƙunshi mata kusan 15,000 da suka daina maganin tazara don neman ciki. Kashi 83 cikin 100 sun samu ciki cikin wata 12. Wannan adadi ya yi daidai da na ma'auratan da ba su taɓa shan komai ba, domin a ko'ina cikin duniya fiye da 8 cikin 10 na ma'auratan da matar ba ta kai shekara 40 ba suna samun ciki a shekarar farko, sannan kusan rabin waɗanda suka rage suna samu a shekara ta biyu.

A 2020, mujallar likitoci ta BMJ ta buga wani bincike a kan mata kusan 18,000 a Danmak da Arewacin Amurka. Ya gano cewa masu robar mahaifa da ashana sun koma daidai bayan al'ada biyu, masu ƙwaya bayan al'ada uku, masu allura kuma bayan al'ada biyar zuwa takwas. Shi ma bai ga wata illa mai ɗorewa ba, komai daɗewar da aka yi ana amfani da maganin.

Cikin da ya shiga nan da nan bayan daina ƙwaya bai fi sauran haɗarin ɓari ko naƙasa ba. Babu buƙatar a jira jiki ya wanke kansa. Amfanin jiran al'ada ɗaya kawai shi ne sauƙaƙa lissafin watannin ciki.

To me ya sa wasu ke daɗewa?

Kowa ya san wata da ta daina magani ta shekara uku shiru. Labarin gaskiya ne, sai dai sau da yawa sanadin yana wani wuri dabam.

Na farko shi ne shekaru. Wadda ta sa roba tana da shekara 29 ta cire tana da 37, jikin 'yar shekara 37 za ta tarar. Damar ɗaukar ciki na raguwa a hankali bayan shekara 30, ta ƙara raguwa bayan 35, ta faɗi sosai bayan 40, ko an sha magani ko ba a sha ba.

Na biyu, ƙwaya na ɓoye matsalar da dama tana nan. Jinin da ke zuwa a makon ƙarshe na katin ƙwaya maganin ne ke kawo shi a kan lokaci. Wadda al'adarta ke tsallake wata biyu ko uku tun tana budurwa za ta ga komai ya daidaita muddin tana sha, da ta daina kuma sai tsohon halin ya dawo. Matsalar rashin sakin ƙwai a kai a kai, ciwon maƙoƙo, ƙarin da ke fitowa a mahaifa, ƙiba mai yawa ko rama mai yawa, duk suna iya kasancewa a ƙasa.

Na uku, kuma mafi girma a yankinmu, shi ne toshewar hanyar ƙwai sakamakon ƙwayoyin cuta. Ciwon sanyi da ake ɗauka ta saduwa, musamman irin wanda ba ya nuna alama a jikin mace, yana hawa sama ya bar tabo. Haka cutar da ke shiga bayan haihuwa ko ɓarin da ba a kula da shi da tsafta ba. A garuruwan bakin ruwa, kamar kewayen Tafkin Cadi da kogin Binuwai da Logon, tsargiya ma na taɓa mahaifa da hanyar ƙwai, ba mafitsara kaɗai ba. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gudanar a ƙasashe da dama, wanda aka buga a 1985, ya gano cewa mafi yawan matan Afirka da aka duba saboda rashin haihuwa cutar da ta taɓa kama su ce sanadi. Ƙwaya da allura da ashana ba sa kare mace daga irin waɗannan cututtuka, kwandam ne ke yi.

Tarihi ma shaida ne. A shekarun 1950 da 1960, tun kafin waɗannan magunguna su yaɗu a ƙasashenmu, masu ƙidayar jama'a sun tarar da rashin haihuwa mai yawa a wani yanki da ya haɗa sassan Kamaru, Afirka ta Tsakiya, Gabon da Kwango. Abin ya dami Gabon har ta buɗe cibiyar binciken lafiya a Franceville a 1979, wadda aikinta na farko shi ne gano dalilin ƙarancin haihuwa a ƙasar. A yau Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ce kusan mutum 1 cikin 6 na manya a duniya na fuskantar matsalar haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa, kuma adadin bai bambanta sosai tsakanin ƙasashe masu arziki da matalauta ba.

Na huɗu shi ne shayarwa. Mai goyon da ke ba da nono dare da rana na iya jinkirin sakin ƙwai ko da ta daina magani.

Kwanakin da ciki ke shiga

A kowane wata kwana shida ne kawai ciki ke iya shiga: kwana biyar kafin sakin ƙwai da ranar sakinsa. Dalili shi ne maniyyi na iya rayuwa har kwana biyar a jikin mace, ƙwai kuwa ba ya wuce kwana guda. Ƙwan na fita kimanin kwana 14 kafin al'ada mai zuwa. Wadda al'adarta ke zagayowa duk kwana 28, za ta saki ƙwai wajen rana ta 14 idan aka fara ƙirga daga ranar farko ta jini. Mai kwana 35 kuwa sai wajen rana ta 21.

Jiki na ba da alama. A waɗannan kwanaki ruwan gaba na ƙaruwa, ya yi santsi, ya yi yauƙi kamar farin ɗanyen ƙwai. Mata da yawa na ɗaukar wannan a matsayin sanyi har su nemi magani, alhali shi ne alamar lokaci ya yi. Na cuta shi ne mai wari, mai ƙaiƙayi ko mai launin ɗorawa ko kore. Tsakiyar nan ta ƙirga kwanaki da ake bayarwa a asibiti da sunan collier ma na da amfani a nan: ga mai zagayen kwana 26 zuwa 32, fararen duwatsun, daga rana ta 8 zuwa ta 19, su ne kwanakin da za a nema maimakon a guje musu. Wanda lissafi ya yi wa wuya, saduwa duk bayan kwana biyu ko uku ta wadatar.

A nan akwai abin da ya shafi zamanmu na ƙetare. Maigidan da ke fatauci tsakanin Kano da Duwala, ko direban da ke kwana uku a gida cikin wata, zai iya shekara yana zuwa ba a kan lokaci ba. Shekarar da likita ke ƙirgawa ta zama tare ce. Haka gidan da ake rabon girki: inda mata huɗu ne kuma kwana bibbiyu ake yi, kowacce na jiran dare shida kafin girki ya zagayo, kuma kwanakinta masu muhimmanci na iya faɗawa cikin wannan jira. Magana ce da miji da mata za su iya daidaitawa cikin fahimta ba tare da an tauye haƙƙin kowa ba.

Shiri kafin ciki

Rigakafi ya fi magani, kuma watannin jira dama ce ta gyara jiki. Ana so mace ta fara shan folik asid, acide folique a farmasi, maikrogiram 400 kullum, tun kafin ta daina maganin tazara har ciki ya kai mako 12. Lakar baya da ƙwaƙwalwar jariri na haɗuwa ne cikin kwana 28 na farko, lokacin da yawancin mata ba su ma san suna da ciki ba, kuma wannan ƙwaya mai araha na rage naƙasar da ke faruwa a wannan gaɓa.

A auna jini don ganin ko ya yi ƙasa, a duba hawan jini da sukari. Mai shan maganin farfaɗiya, hawan jini ko sukari ta gaya wa likita niyyarta, domin wasu magungunan ana canja su kafin ciki, amma kada ta daina da kanta. Miji da mata su yi gwajin sikila idan ba su yi kafin aure ba: idan duka biyun AS ne, kowane ciki na da damar 1 cikin 4 ta zuwa da SS. A haɗa da gwajin ƙanjamau, ciwon hanta nau'in B da tunjere, waɗanda duk ana iya kare jariri daga gare su idan an sani da wuri. A riƙa kwana cikin gidan sauro.

A kuma duba tazarar da ke tsakani. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a bar aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin a nemi wani cikin. Iyayenmu da suka ƙi jinin kwanika sun san dalili tun kafin a rubuta shi.

Masu zama tsakanin ƙasashe biyu su adana katin asibitin da aka sa musu ashana ko roba, ko su ɗauki hotonsa a waya. Matar da aka sa wa a Maiduguri ta zo cirewa a Marwa za ta sauƙaƙa wa ungozoma idan an san iri da ranar sawa, da ko sanda ɗaya ce ko biyu. Mace na da haƙƙin a cire mata a duk lokacin da ta so, ba sai wa'adi ya cika ba. Amma ma'aikacin lafiyar da ya koyi aikin ne kaɗai zai cire, kada a bari wanzami ko mai kemis ya tsaga hannu.

Abin da za a guje wa

Babu jiƙo, tsimi ko ƙarin ruwa da ke wanke allura daga jiki. Lokaci ne kaɗai ke fitar da ita. Cusa ganye, kanwa ko haɗin matsi a gaba da sunan wankin mahaifa na ƙona fatar wurin, ya kashe ƙwayoyin da ke kare shi, ya buɗe ƙofa ga cutar da ke toshe hanyar ƙwai. Garin neman gira sai a rasa ido.

Ƙwayar Clomid da ake saye a kasuwa ba tare da takardar likita ba ita ma akwai haɗari. An yi ta ne don matar da ba ta sakin ƙwai. Ba ta buɗe hanyar da ta toshe, ba ta gyara maniyyi, tana iya kumbura ma'ajiyar ƙwai, kuma likitoci ba sa ba da ita fiye da 'yan watanni. Maza kuma su sani cewa allurar ƙarin ƙarfi mai sinadarin testosteron rage maniyyi take yi, har ta iya tsayar da shi. Taba da shan tiramadol na dogon lokaci su ma suna yi masa illa.

Yaushe za a je asibiti?

Idan matar ba ta kai shekara 35 ba, a je bayan shekara guda ana tare ba ciki. Idan ta kai 35, bayan wata shida. Idan ta kai 40, kada a jira. Wadda ta yi allura za ta iya fara ƙirga daga lokacin da al'adarta ta dawo, amma idan shekara ta cika daga allurar ƙarshe babu jini, ta je a duba ta.

Akwai waɗanda bai kamata su jira wannan wa'adi ba: wadda ta daina ƙwaya ko ta cire ashana wata uku babu al'ada, wadda zagayenta ya gaza kwana 21 ko ya wuce 35, mai ciwon mara mai tsanani, wadda ta yi ɓari sau biyu ko fiye, da wadda aka taɓa yi wa aiki a ciki. Kafin komai a yi gwajin ciki, domin ƙwai na fita kafin jini ya zo, kuma mace na iya ɗaukar ciki ba ta ga al'ada ko sau ɗaya ba. Idan gwaji ya nuna ciki sannan ga ciwo a gefe guda na mara, ko ɗigon jini, ko jiri, wannan na gaggawa ne, domin yana iya zama ciki a wajen mahaifa.

A je tare. A kusan rabin ma'auratan da ke da matsalar haihuwa, namiji na da hannu a ciki, ko shi kaɗai ko tare da matar. Gwajin maniyyi, spermogramme a takardar likita, ya fi yawancin gwaje-gwajen mace sauƙi da araha, kuma ba ya ciwo. Ƙarfin saduwa ba shi ne lafiyar maniyyi ba. Samun 'ya'ya da uwargida shekara goma da suka wuce ma ba ya tabbatar da halin yau, domin ciwon sanyi, hangum da ya sauka maraina bayan balaga, sukari ko zazzaɓi mai zafi na iya canja lissafi. Jiki na ɗaukar kusan wata biyu da rabi kafin ya ƙera sabon maniyyi, shi ya sa idan sakamako bai yi kyau ba ake maimaita gwajin bayan wata uku.

Ita kuma matar za a tambaye ta tarihin al'adarta, a yi mata eko, a auna homon a jini, idan da buƙata a yi hoton da ke nuna ko hanyar ƙwai a buɗe take. Littafin da ta riƙa rubuta ranar farko ta kowace al'ada zai taimaki likita fiye da dogon bayani.

Haihuwa ta Allah ce, wannan kowa ya yarda. Neman sani da neman magani kuma ba su saɓa wa tawakkali ba. Uwar miji da dangi su ba ma'aurata lokacin da jiki ke buƙata, su daina ɗora wa matar laifin allurar da ta yi don ta huta ta raini yaronta. Idan wa'adin ya cika shiru, maigida ya ɗauki matarsa su tafi asibiti, shi ma ya miƙa nasa gwajin.